Benz E350 mai ƙofa biyu a garejinmu na Agege: littafin gyara da lissafin kuɗi

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

An kawo motar da hantsi daga kasuwar motoci ta Berger. Mercedes-Benz E350 ce mai ƙofa biyu, ƙirar 2010, baƙa, tokumbo daga Amurka, mita tana nuna mil 118,000 da 'yan kai. Alhaji, mai motar, ya biya ₦16,800,000, ya kuma ce kafin ya fara hawa a bi ta daga bonet har but, a rubuta masa duk abin da aka saka da kuɗinsa.

A bayan motar an rubuta E, amma ƙasanta na C-Class ne. Lambar jikinta C207, ita ta gaji CLK, kuma a kan tsarin W204, wato C-Class ta lokacin, aka gina ta. Tazarar ƙafafun gaba da na baya ma ɗaya ce da ta C-Class, milimita 2,760. A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, wannan sanin kuɗi ne. Ka ce kana neman kayan ƙafar E350 mai ƙofa biyu, mai shago ya ɗaga gira ya ɗora farashi. Ka ce na C300 ta 2010, ya miƙo maka abu ɗaya. Sharaɗi dai a gwada lambar kayan da ta tsohon, kuma kada a karɓi na 4Matic, domin tamu ƙafar baya kaɗai ke ja. Kayan injin su ma ana tarayya da C350, ML350 da GLK350. Inda babu tarayya shi ne jiki: ƙofofi, gilasai, robobin ƙofa, fitilu. Nan ne za a sha wuya.

Injin M272 ne, V6, lita 3.5, doki 268, da giya bakwai ta 722.9. Na fara da lambar injin, saboda M272 na farko-farko suna da ciwon haƙorin balans shaf, sandar da ke rage karkarwar injin: ƙarfen ba shi da tauri, yana cinyewa, taimin ya goce, gyaran kuma sai an sauke injin. Waɗanda lambarsu ta haura 468993 an gyara musu wannan tun daga kamfani. Namu ya haura nesa, kwamfuta kuma ba ta nuna P0016 ko P0017, lambobin gocewar taimin, ba. Babban tsoro ya kau.

Abin da kwamfuta ta fitar: P2006 na manifol (akwatin da ke raba wa silinda iska), P0128 na tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin injin), P0430 na indomin ɓangare ɗaya (matatar hayaƙi da ke cikin salansa), sai 0717 da 0718 a ajiye cikin ƙwaƙwalwar giya. Fitilar injin ba ta kunne a dashbod lokacin da aka saya, wato an goge lambobin a wurin dila, suka dawo a hanyar Berger zuwa nan. Binciken lambar shasi ya nuna gwanjon inshora ce, an buge ta a gaba ta dama, jakar iska ba ta fashe ba.

Mun ɗora ta a rami. Baƙin mai yana tsatsa ta bayan injin yana gangarowa kan giyabos. Injin sit na dama ya zauna. Bushin ƙafar gaba sun tsage. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, wanda gishirin hanyar ƙasashen sanyi ke cinyewa ta ciki a waɗannan motoci, na bubbuge shi da guduma ko'ina: tsatsar sama ce kawai, bai huje ba. Da ya huje da na ce a mayar da motar.

Talata, 6 ga Mayu

Sabis. Baƙin mai lita 8 mai lambar amincewa 229.5, ₦152,000. Filtar mai ₦19,000, murfinta a ɗaure da sifanar awo Nm 25, notin kwanon mai Nm 30. Filtar iska biyu ce a cikin murfin injin, ₦36,000. Fulogi shida ₦96,000. Wanda ya saba da tsohon injin M112, mai fulogi biyu a kowace silinda, kada ya sayo goma sha biyu.

Da na zare soket ɗin maganadisun kamshaf, biyu cikin huɗu jiƙe suke da mai. Wannan ƙaramin abu ne mai jawo babbar asara. Man yana bin cikin wayar kamar lagwanin fitila har ya isa ƙwaƙwalwar injin da ke zaune a saman manifol, ya kuma iya gangarawa zuwa sansar salansa. Na buɗe babban soket na ƙwaƙwalwar, akwai ɗan danshi a ƙusoshi uku, bai yi nisa ba. An wanke da feshin wanke soket, an bar shi ya bushe kwana ɗaya. Sababbin maganadisu huɗu ₦140,000, gajerun wayoyin da ke tare mai ₦48,000.

Jimlar yau ₦491,000.

Asabar, 10 ga Mayu

Manifol. A gabansa akwai wani hannu na roba da ke juya marufan iska na ciki. Da zafin injin da shekaru robar kan bushe, ga kuma hayaƙin mai daga numfashin injin yana daskarewa a kan marufan har su yi tauri. Ranar da hannun ya kasa tura su sai ya karye. Namu a karye yake gida biyu, rabin yana lilo.

Hanya biyu ce. A sayi sabon manifol na Pierburg, wanda da kuɗin jirgi zai haura miliyan, ko a sa hannun alminiyam a kan tsohon. Alhaji ya tambayi bambancin kuɗi, ya ce a gwada mai sauƙin. Na juya marufan da yatsa, suna motsi, akwai ɗan wasa amma na ɗauka zai yi. An sauke manifol, an toshe ramukan kan injin shida da tsumma kafin komai ya faɗa ciki, an wanke daskararren man, an sa hannun alminiyam ₦45,000 da sababbin gasket ₦28,000.

Tunda wuri ya buɗe, an canja murfin numfashin injin da marufan robar bayan kan injin, waɗanda su ne tushen tsatsar da muka gani a kan giyabos. ₦62,000. Yawancin masu gyara in sun ga mai a nan sai su ce sil ɗin bayan kiranshaf ne, a sauke giya. A duba marufan nan tukuna; aikin minti talatin ne.

Jimla ₦135,000.

Laraba, 14 ga Mayu

Tamostat ɗin fanko ne, an ƙwaƙule cikinsa an mayar da kwanson. Tsohuwar al'ada ce a nan, wai ƙasarmu da zafi, mota ba ta buƙatarsa. Wannan injin an tsara shi ya yi aiki kusa da digiri 100, tamostat ɗinsa ma na lantarki ne, ƙwaƙwalwa ke sarrafa shi. In bai kai zafinsa ba sai ƙwaƙwalwar ta ci gaba da zuba fetur kamar yanzu aka tayar, man ya wanke silinda, ya sirka baƙin mai, ya kashe indomi. Sabo ₦115,000. Ruwan lagireto mai lambar 325.0, rabi da rabi da tataccen ruwa, ₦54,000. Abin da ya fito daga ciki ruwan famfo ne da tsatsa, sai da muka wanke sau uku.

Fulin robar da fambel ke bi yana kuka in an juya shi da hannu. An canja shi tare da tenshona da fambel, ₦158,000. In fulin nan ya tarwatse a gosulo, famfon ruwa da altaneta da sitiyari duk tsayawa suke lokaci ɗaya.

Asabar, 17 ga Mayu

Takardu. Inshorar dole ₦15,000 ce tun Janairun 2023, takardar shaidar mallaka ₦1,000 duk shekara, sai gwajin LACVIS, cibiyar duba motoci ta Ikko, don takardar lafiyar mota. Cikakkiyar inshora ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato ₦840,000 a shekara ga wannan. Alhaji yana tunani. Ni dai ra'ayina, motar da fitilar gabanta ɗaya ke cin albashin wani, tana kuma raba hanya da danfo a Oshodi, ba ta inshorar dole ba ce.

An ba shi motar ya hau mako guda.

Asabar, 24 ga Mayu

P2006 ta dawo bayan kilomita 240. Kuskurena ne, ɗan wasan da na ji a marufan ran 10 ga wata ba ɗan wasa ba ne. Da muka sake saukewa na haska tocila cikin ramukan: mazaunin sandar marufan ya cinye, marufi ɗaya ya karkace yana gogar bango, gefensa ya fara ɓantarewa. Hannun alminiyam ya fi na roba ƙarfi, don haka maimakon ya karye sai ya dinga tura marufin da ƙarfi. Da an bar shi haka, wata rana ɓallin zai bi iska ya shiga silinda, a koma maganar bawul da fistin.

Hannun alminiyam yana da amfani ne kawai in marufan ciki lafiyarsu ƙalau. Gwajin da ya kamata in yi tun farko: a kama sandar a girgiza ta sama da ƙasa, ba juyawa kaɗai ba. In ta yi ƙwas-ƙwas, manifol ɗin ya gama.

Na kwashe rabin yini a Ladipo. Na duba bakwai. Uku hannunsu a karye, an liƙe da gam an shafa baƙin fenti. Biyu an cire musu marufan gaba ɗaya, mai shagon yana rantsuwa wai haka ya fi gudu. Na shida ya tsage ta ƙasa. Na bakwai an ciro shi daga GLK350, sandarsa ba ta girgiza, robobin iska na gaba suna riƙe iska in an tsotsa an toshe da yatsa. An tsaya a ₦310,000 bayan doguwar ja-in-ja. Na mayar masa da hannun alminiyam ɗin da muka riga muka saya, don kada na robar ya ba mu kunya nan da shekara. Gasket ba a maimaita su, wasu ₦28,000. Kuɗin hannu na biyu ban caji Alhaji ba.

₦338,000.

Alhamis, 29 ga Mayu

Abin da nake jira ya faru jiya da yamma. A kan gadar Third Mainland giyar ta maƙale a lamba ɗaya ta ƙi canjawa, injin yana ihu mota ba ta ja. Alhaji ya samu wuri bayan gada ya kashe, ya jira minti biyar, ya tayar, ta dawo daidai. Wannan ita ce alamar 0717 da 0718.

A cikin giyabos na 722.9, ƙwaƙwalwar giya da sansar da ke auna gudun juyawa duk a kan faranti ɗaya suke, a nutse cikin mai, a saman balbodi, wato akwatin bawulolin da ke raba man giya. In zafi ya yi yawa sansar takan ɗauke, ƙwaƙwalwar ta rasa lissafi, sai ta kulle giya ɗaya don kare kanta. In ta huce ta dawo. Mutane da yawa a nan ake ce musu giya ta mutu, su sayi tokumbo ta miliyoyi, alhali ƙarfen ciki ba abin da ya same shi.

Farantin a ɗaure yake da lambar motar, ba a ciro na wata mota a dasa kawai. Sai an goge shi an sake rubuta masa bayanai da kwamfuta. Shi ya sa na fi son a gyara na jikin motar. An sauke kwanon giya da balbodi, an kai farantin wurin wani mai gyaran lantarkin Benz a Mushin, ya canja sansar biyu, ₦180,000, aka dawo da shi yau da rana. Ba ya buƙatar wani kodin tunda nata ne.

Wurin zuba mai akwai tarko uku. Na farko launi: waɗanda aka ƙera kafin tsakiyar 2010 jan mai suke sha, 236.14, na bayansu kuma shuɗi, 236.15, ba a haɗa su. Tamu ƙarshen 2009 aka ƙera ta, kuma ja ne ya fito, ko da yake ya koma ruwan shayi. Na biyu, babu sandar awo. Ta ramin ƙasan kwano ake tura man da famfo, a tayar da injin, a bi giyoyi, a jira kwamfuta ta nuna zafin man ya kai digiri 45, sannan a bar rarar ta zubo ta bututun cikin kwanon har ta koma ɗigo. Wanda ya auna da sanyi ko da zafi sosai, ko ya cika ko ya rage. Na uku, notunan kwanon na alminiyam ne masu miƙewa, sau ɗaya ake ɗaura su: Nm 4 sannan a ƙara rabin zagaye. Yarona ya ɗauko tsofaffin zai mayar, na karɓe.

Mai lita 6 ₦138,000. Filta, gasket da notuna ₦98,000. A maganadisun kwanon laushin ƙarfe ne kawai kamar toka, babu ɓaraguzai. Jimla ₦416,000.

Talata, 10 ga Yuni

An dawo daga hutun Babbar Sallah. Giya lafiya, kilomita 600 babu lamba.

Injin sit biyu na Lemförder ₦295,000, na giya ₦70,000. Masu ruwa ne a ciki. Na dama ya fashe ya bushe, da aka jera shi da sabo ya gaza shi da kusan faɗin yatsa. Karkarwar sitiyari a gosulo ta tafi. Akwai na ₦60,000 guda biyu a kasuwa, roba ce zalla, wata uku ka dawo.

Asabar, 14 ga Yuni

Ƙafa. Sa'ar wannan mota ba ta da balan-balan na iska irin na manyan Benz, sifirin ƙarfe ne da shok. Kowace ƙafar gaba tana da hannu biyu a ƙasa, kuma wanda ke fara mutuwa shi ne na gaba mai babban bushi, shi ke shan bugun rami da na birki. Alamarsa ƙwal guda in an taka birki a hankali. Biyu ₦230,000, ƙananan sandunan sitabilaiza ₦56,000. Notunan bushi ba a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar tana murɗe tun ranar farko.

Tayoyin inci 18 ne, gaba 235/40, baya 255/35. Girman ba ɗaya ba, saboda haka ba a juya na gaba zuwa baya, na baya kuma sun fi saurin ƙarewa. Waɗanda ta zo da su lambar gefensu ta nuna 2017, ga tsagewa a bango. Sababbi huɗu ₦580,000. Rim na gaba ta dama ya lanƙwashe ta ciki, an miƙe shi ₦30,000. Saitin ƙafa ₦25,000. Notin taya Nm 130, da sifanar awo, ba mai faci ya hau kan sifana da ƙafa ba.

Na so a sauko zuwa inci 17, 235/45 da 255/40, don robar ta ƙara kauri. Taya mai bango siriri da ramukan hanyar Abule Egba ba sa jituwa. Alhaji ya ce kyan motar a rim ɗin yake. To, a ajiye kuɗin miƙe rim.

₦921,000.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ruwan daren Laraba ya tona abin da rani ya rufe. Kafet ɗin ɓangaren fasinja jagab, in ka danna da tafin hannu ruwa yana fitowa tsakanin yatsu. Ƙarƙashin kafet ɗin Benz soso ne mai kauri, yana iya riƙe ruwa makonni samansa a bushe, wayoyi kuma ta nan suke bi. An cire kujera, an ɗaga kafet, an sa fanka kwana biyu.

Hanyar ruwan biyu ce. Bututun da ke zubar da ruwan rufin gilashi na gaba ta dama ya toshe da ƙura da ganye. An bi shi da igiyar roba mai laushi, aka zuba ruwa da gora har ya fito a bayan taya. Ba a hura masa iskar kwamfuresa da ƙarfi, bututun kan zame daga mazauninsa a cikin silin, aiki ya ƙaru. An kuma share magudanar ƙasan gilashin gaba.

Ta biyun ita ce ta ƙofa biyu zalla. Gilashin ƙofar ba shi da firam, kuma babu ginshiƙi tsakaninsa da gilashin baya. In ka ja hannun ƙofa gilashin yakan sauka kaɗan, in ka rufe ya koma ya shige cikin robar sama. Na fasinja yana sauka amma ba ya komawa har ƙarshe, ana iya zura katin ATM ta saman. Na fara da sake saita shi, a ɗaga har sama a riƙe maɓallin 'yan daƙiƙu, abin da ake yi duk lokacin da aka cire batir. Bai yi ba. Da aka buɗe ƙofar, wayar injin ɗaga gilashin ta fara warwarewa, robar da ke riƙe gilashin ta tsage.

Nan aka gane bambancin ƙofa biyu da huɗu. Na C-Class da E-Class masu ƙofa huɗu tuli ne a Ladipo, ba sa shiga. Kwana biyu ana cigiya kafin a samu ɗaya a jikin wata ƙofa da aka yanko, mai shi kuma ya san ba mu da zaɓi. ₦190,000. Saita tsayi da karkatar gilashin ya ci awa biyu: a rufe, a zuba ruwa da tiyo, a buɗe, a ƙara juyi ɗaya. An shafa wa robobin man silikon. Hannun da ke miƙo bel in an rufe ƙofa yana aiki duka ɓangarorin, a gaya wa yara kada su ja shi.

Na kuma gaya wa Alhaji, motar nan ƙasa take, bakin shan iskarta a gaba yake bayan giril. In ruwa ya rufe hanya a Lekki ko Ikoyi har ya kai rabin taya, a juya. In kuma ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli ko sau ɗaya.

Asabar, 28 ga Yuni

Ta ƙi tashi a Obalende bayan la'asar. An sa makulli an murɗa, dashbod bai kawo ba, sitata bai ce uffan ba, amma rimot yana buɗe ƙofa, fitilu da hon suna aiki. Wani rewaya a wurin ya riga ya ce batir ne, wani ya ce a sayi sabon makulli. Tambaya ɗaya na yi wa Alhaji a waya: da ka sa makullin, ka ji ƙarar zuuu ɗin nan ta ƙarƙashin sitiyari? Ya ce kwana uku ke nan tana yin rauni, yau babu.

Makullin sitiyari na lantarki ne, ESL, sanannen ciwon W204 da wannan. Ƙaramar motar lantarki ce a ciki, wato ɗan injin juyawa, kamar ta kayan wasan yara, gawayinta yakan cinye. In ba ta janye sakatar ta ba da amsa ba, mazaunin makulli ba zai ba da izinin tayarwa ba. Sa'ar da aka yi ta mutu sitiyari a buɗe. Da a kulle ta mutu, sai an sauke sandar sitiyarin gaba ɗaya kafin a iya ciro ta.

Janwe zuwa Agege ₦60,000. Zaɓi uku ne: sabo daga kamfani da kodin, ko a canja ƙaramar motar, ko a sa na'urar da ke kwaikwayon amsarsa. An sa ta ukun, an haɗa ta da bayanan makullin motar, ₦130,000. Illarta sitiyari ba zai ƙara kullewa ba in an zare makulli, amma tsaron makullin kansa yana nan, wani makulli ba zai tayar da ita ba. Wanda ya ji ƙarar nan ta fara ja da baya, ya kai ta gareji a ranar, tana tashi da ƙafarta.

₦190,000.

Asabar, 5 ga Yuli

Ba gyara. Awon mai: an cika tanki, lita 66 yake ci, an yi kilomita 352 tsakanin Agege, Ikeja da cikin Ikko da esi a kunne, aka sake cikawa da lita 58. Lita 16.5 ke nan a kilomita 100. A kan ₦900 lita, mai yin kilomita 1,000 a wata ya ware kusan ₦150,000. Baƙin mai za mu riƙa juyewa duk kilomita 6,000, ba mil 10,000 na littafin Amurka ba. Awa biyu a gosulon Ikorodu Road injin yana aiki mita ba ta ƙirgawa.

Asabar, 12 ga Yuli

P0430 tana nan. An sauke salansar ɓangaren, aka ga layin walda sabo a cikin tukunyar indomi. An yanka, an kwashe, an mayar. Ɗaya ɓangaren ba a taɓa shi ba. Ko a can Amurka aka yi ko bayan ta sauka, aikin gama ya gama. Ana kwashewa ne saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa.

Motar tana tafiya haka, sai warin hayaƙi da fitilar injin da ba ta mutuwa. Matsalar fitilar da ke kunne kullum ita ce ranar da sabon ciwo ya zo ba wanda zai lura. Tokumbo na asali an ce ₦420,000, shi ma sai an haska an ga saƙar cikinsa ba ta narke ko ta karye ba. An ɗaga zuwa wata mai zuwa.

Asabar, 19 ga Yuli

Esi ya rage sanyi. Kafin a ƙara gas an sa rini an haska: kwandensa tana tsatsa a kusurwar dama ta ƙasa, daidai inda aka buge ta a Amurka. Sabuwa ₦145,000. An zuƙe iska minti talatin, an ga allura ba ta motsa ba, an zuba R134a da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet, ₦40,000. Gas ɗin gwangwani mara suna da cikawa da ido su ke kashe kwamfuresa.

Asabar, 26 ga Yuli

Lissafi daga 3 ga Mayu zuwa yau: kaya, tayoyi, janwe da aikin waje ₦3,558,000. Kuɗin hannu ₦450,000. Jimla ₦4,008,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sayen motar, ban da fetur, takardu da inshora. Cikin wannan, fistin ko haƙorin giya ko ɗaya ba a taɓa ba. Roba ce, filastik, sansa da ruwaye na mota mai shekara goma sha biyar, sai ɓarnar hannun da ta biyo kafin ta iso mu. An auna matsin silinda shida, duk kusa da juna suke.

Tankin man sitiyari ya fara danshi a wuyansa, zoben roba ne, an yi oda.  Birkin baya saura kamar milimita 4, za a haɗa shi da juye man birki, DOT 4 Plus. Ƙarfen ƙafafun baya da bututun birkin da ke kusa da shi za a kankare tsatsarsu a shafa maganin tsatsa kafin ruwan Satumba ya dawo. Za a kuma shigar da lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran hanya ta Amurka, a ga ko an canja mata jakar iskar Takata tun tana Amurka, domin ƙirar tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Indomi ranar 9 ga Agusta, in an samu mai kyau. Sabis na gaba a mil 121,800.